Kashi 94 da Rabin Kilon Riɗi

Kawuna ne ya gano ɓarnar, kuma har ya gama magana bai san ɗan ƙanwarsa yake tona wa asiri ba.

Lokacin kakar riɗi ne. Na zo gida Gagarawa Tasha daga Kano don in ga yadda manhajar da muka rubuta take aiki a wurin awo. Kamfanin da nake yi wa aiki, ba sai na kama suna ba, yana sayen riɗi da zoɓo a hannun manoman ƙasar Gumel, ya tara, ya ɗora a mota zuwa Dawanau. Da can a littafi ake rubuta komai. Yanzu sai a ɗora buhu a sikeli, magatakarda ya shigar da nauyin a waya, wata 'yar na'ura ta turo takarda mai nuna kilo da kuɗi. Ni na rubuta ɓangaren da ke lissafin kilon. Kawu dillali ne tun ina goye. Bai yi boko ba, amma lamba ba ta yi masa gardama. Ya tara takardun mutanensa a aljihun gaba, bayan la'asar ya baje su a tabarma ya kira ni.

"Injiniya, zo ka gani. Sikelin nan naku da idona nake kallonsa. Ya ce saba'in da tara da ɗigo takwas, ya ce tamanin da rabi. To ina ɗigon yake zuwa? Duk buhunan nan a ce babu wanda ya zo da rabi?"

Tun kafin in buɗe kwamfuta gabana ya faɗi, don na san layin. A harshen Python da muke rubutu da shi akwai wani umarni, int, wanda in ka ba shi 79.8 ba ya kai ta 80, wutsiyar yake gutsirewa ya miƙo maka 79. Kullum ƙasa yake yi. Bai taɓa yin kuskure ya ƙara wa manomi ko ƙwaya ba. In aka daidaita, kusan rabin kilo ke nan a kan kowane buhu, tun ranar da aka fara saye. Sunan wannan a wurinmu tauye mudu, laifin da sura guda ta Alƙur'ani ta buɗe da tsoratar da masu yinsa, wanda Annabi Shu'aibu ya yi ta jan kunnen mutanen Madyana a kai. Ni da ban taɓa riƙe tiya a kasuwa ba, sai ga shi na tauye wa mutanen garinmu awo ina zaune a ɗaki mai sanyi a Kano.

Abin da ya hana ni barci a daren nan shi ne wannan layin kore ne a rahotona.

Sai in yi wa mai karatu bayanin koren. Mai rubuta manhaja ba ya gama aiki ya ce ya yi kyau don kawai ya ga dama. Yakan rubuta wasu ƙananan manhajoji da ake kira gwaji, aikinsu su ba babbar manhajar tambaya wadda an riga an san amsarta, su duba ko ta amsa daidai. To da yake manhaja tana iya kai layi dubu goma ko fiye, sai a so sanin ina da ina gwajin ya taka, ina kuma bai leƙa ba. Akwai kayan aikin da ke wannan. Na Python sunansa coverage.py, wanda wani Ba'amurke, Ned Batchelder, yake kula da shi tun 2004. Masu Java suna da JaCoCo, masu harshen C suna da gcov. Duk dabarar ɗaya ce. Yayin da gwaji ke gudana, kayan aikin yana laɓe yana sa alama a kan duk layin da na'ura ta bi ta kansa. In an gama sai ya ƙirga layukan da aka taka, ya raba da jimillar layuka, ya ba ka kaso cikin ɗari. Ya kuma fitar maka da shafi: layin da aka taka kore, wanda ba a taka ba ja. A ofis kobarej muke ce masa. In ka so ƙarin tsanani, sai ka sa ya duba mararraba, wato duk inda manhaja ke da zaɓi biyu a ga ko an bi hanyoyin duka.

Mai gidanmu a wurin aiki ya kafa doka: duk aikin da kobarej ɗinsa bai kai kashi 90 ba, ba za a karɓa ba. Nawa yana kashi 61, kaka tana ƙaratowa, ana ta kira a waya. Sai na yi abin da na san ba ni kaɗai na taɓa yi ba. Na rubuta gwaje-gwaje masu kiran kowane ɓangare na manhajar, su ba shi lamba, su karɓi amsa, su yi shiru. Ban sa layin da ke kwatanta amsar da abin da ya kamata ta zama ba, wanda ake kira assert. Na'ura ta bi ta kan layukan, kayan aiki ya sa alama, ja ya koma kore. Dare ɗaya na tashi daga 61 zuwa 94. Har yaba mini aka yi a taron safe.

Ga tambayar da na kwana da ita. Lambar nan gaskiya ce. Wallahi kashi 94 na layukan an taka su. Ban goge komai ba, ban sauya lamba da hannu ba. In aka kai ni gaban alƙali aka ce in rantse cewa rahoton daidai yake, zan rantse kuma ba zan yi kaffara ba. To mutum yana iya yin ƙarya da magana wadda kowane harafinta gaskiya ne?

Da asuba na tafi zauren Malam, inda na yi karatun Ahalari da Iziyya ina yaro. Ya tsufa, idonsa ya yi rauni, bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Na daɗe ina kewaye-kewaye da misalai. Ya bari na gama, sannan ya ce in lissafa masa farillan alwala. Na ji kunya, amma na lissafa bakwai ɗin kamar yadda ya koya mana a mazhabar Malik: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da gaggautawa, wato yin su bi da bi ba tare da jinkiri ba.

"Wanda ya bar lam'a fa?"

"Allah gafarta Malam, alwalarsa ba ta yi ba."

"To mutum ne yana dawowa daga gona, ruwan sama ya yi masa dukan tsiya, tun daga kai har tafin ƙafa babu inda bai jiƙe ba. Akwai lam'a a jikinsa?"

"Babu."

"Sai ya shiga masallaci ya tayar da kabbara?"

Na yi shiru. Babu niyya, babu cuɗawa. Jiƙaƙƙe ne kawai.

"Na'urar taku," in ji shi, "lam'a take gani. Wannan ma aiki ne, kada ka raina. Amma kai ka tsaya a cikin ruwan sama ne, ka zo kana nuna wa mutane rigarka ta jiƙe."

Kan zancen ƙarya kuwa bai ba ni dogon jawabi ba. Ya tuna mini hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci ya tsiba shi, ya cusa hannu a ciki ya ji danshi, alhali saman a bushe yake. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Aka tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, aka kuma sanar da shi cewa mai algus ba ya cikinmu. Malam ya ce in lura, mutumin nan bai buɗe baki ya ce kayansa busasshe ne ba. Kowace ƙwaya da ke sama busasshiya ce da gaske. Ya dai san abin da mai saye zai ɗauka in ya kalli saman, ya kuma shirya tsibin don a ɗauki hakan.

Nan ne na daina kare kaina. Mai gidanmu da ya ga 94 bai karanta "an taka layuka" ba, ya karanta "an duba aikin nan". Na san haka zai karanta. Don haka ma na yi.

Da na koma Kano na ba wani abokin aikina labari, sai ya ce ai dama shi bai taɓa yarda da kobarej ba, a watsar da shi kawai, wasan yara ne. Ya kawo sunan Charles Goodhart, masanin tattalin arzikin Ingila da ya lura a 1975 cewa ma'auni yakan lalace da zarar an mai da shi abin da ake kora don a cim masa. Gaskiya ne, kuma ni ne hujjar. Da babu dokar kashi 90, da na bar aikina a 61, kuma 61 ɗin nan ta fi 94 amfani nesa ba kusa ba, don tana nuna wa kowa inda rami yake. Layin int ɗin ja ne a lokacin. Yana nan yana ihu, ni na toshe masa baki da koren fenti.

Amma ban bi abokina zuwa inda ya tafi ba. Don wani ya jiƙe a ruwan sama ya ce ya yi alwala, ba za a ce a daina duba lam'a ba. An ruwaito cewa Annabi ya ga mutumin da ya bar wuri kamar faɗin farce a ƙafarsa bai sami ruwa ba, ya mai da shi ya gyara. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa saboda wani layi guda da aka maimaita sau biyu bisa kuskure a cikin manhajar da ke tantance ko shafin intanet ɗin da wayarka ta shiga na gaskiya ne. Maimaicin ya sa na'ura tana tsallake matakin ƙarshe na tantancewar, ba ta taɓa isa wurin ba. Irin wannan wuri duk gwajin da za ka yi ja zai fito a rahoto, don babu hanyar da za a taka shi. Lam'a ce a fili, a jikin wayoyi miliyoyi.

Abin da na fahimta daga baya shi ne launukan nan biyu ba matsayinsu ɗaya ba a wurin shaida. Ja shaida ne adali. In ya ce ba a zo nan ba, to ba a zo ba, babu tawili. Kore kuwa iyakarsa ya ce an wuce ta nan. Ko an tsaya, ko an duba, ko an runtse ido an bi da gudu, bai sani ba kuma ba a gina shi don ya sani ba. Edsger Dijkstra, masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, ya faɗi makamancin haka tun 1969, cewa gwaji yana iya nuna akwai aibi amma ba ya iya nuna babu shi. Mu kuma da muka tashi a zaure mun san wannan bambanci da wani suna. Malaman fiƙihu suna iya ce maka sallarka ta inganta, don sharuɗɗa da rukunai abu ne da ake ƙirgawa. Babu malamin da zai ce maka an karɓa. Inganci yana da ma'auni a hannun mutane. Karɓuwa tana wani wuri da ma'auninmu ba ya kaiwa, shi ya sa in aka idar ake cewa Allah ya karɓa, ba a cewa an gama.

Ina tuna wannan duk lokacin da na ga ɗan carbin lantarkin nan da ake saƙalawa a yatsa. Ina da shi, ba aibata shi nake ba. Yana ƙirga dannawa da aminci, bai taɓa ƙara ɗaya ba. Amma sau nawa na duba na ga ɗari uku alhali tun daga ta ashirin zuciyata tana kan kuɗin haya?

Akwai kuma wani ramin a ɗaya gefen, kuma na faɗa shi. Makonnin da suka biyo baya na kamu da waswasi. Na ce sai na kai 100, kuma kowane gwaji sai ya tabbatar da amsa. Na kwana uku ina rubuta gwaji ga layukan da ba su da wani aiki sai buga gaisuwa a fuskar waya, alhali lissafin bashin taki, inda kuɗin mutane yake, yana jira. Kowa ya san mai waswasin alwala, wanda zai ƙarar da buta biyu liman ya sallame yana bakin rijiya. A ƙasarmu da ruwa ke da nisa a ƙasa, wannan har haƙƙin wasu yake ci. Annabi da mudu guda na ruwa yake alwala. Littattafanmu na Malikiyya sun san mutumin da kokwanto ya aure shi, kuma maganin da suka ba shi shi ne ya yi watsi da kokwanton ya wuce, kada ya biye masa.

Ba na cewa 100 hauka ce a ko'ina. Manhajar da ke tuƙa jirgin sama tana da ƙa'ida mai tsanani tun 1992, wadda ta wajabta a gwada kowane sharaɗi a kowace mararraba a ɓangarorin da rai ya rataya a kansu. SQLite, wata 'yar ma'ajiyar bayanai da Richard Hipp ya fara a 2000, wadda ke cikin kusan kowace wayar zamani har da ta magatakardanmu, ta kai kashi 100 na mararraba tun 2009. Sun yi aikin da gaske, ba irin nawa ba. Duk da haka, da aka zo daga baya da na'urorin da ke watsa wa manhaja shirme iri-iri don a ga inda za ta fashe, an ci gaba da samun kurakurai a cikinta. Dalili kuwa rahoton yana auna layukan da aka rubuta ne kaɗai. Layin da ya kamata a rubuta ba a rubuta ba, ba shi da launi. Ba ja ba ne, babu shi ne gaba ɗaya. In ban taɓa tunanin abin da zai faru ba in sabis ya ɗauke ana tsakar shigar da awo, abin da ke faruwa kullum a Tasha, babu rahoton da zai tuna mini.

Wannan ne ya fi ba ni tsoro in na juya shi kan kaina. In na zauna da dare ina yi wa kaina hisabi, abin da malamai tun daga Harisu al-Muhasibi na Bagadaza, wanda ya rasu a 857, suka yi ta kwaɗaitarwa a kai, ayyukan da na yi nake bi ɗaya bayan ɗaya. Na yi salla, na yi azumi, na aika wa Inna kuɗi. Kore, kore, kore. Maƙwabcin da ban leƙa ba yana jinya, maganar gaskiya da na haɗiye a taro, waɗannan ba sa cikin jerin, don ba a yi su ba balle a duba su. Suratul Kahfi ta ba da labarin littafin da masu laifi za su gani su firgita don bai bar ƙarami ko babba ba sai da ya ƙididdige. Rahoto cikakke guda ɗaya ke nan, kuma ba mu ne ke haɗa shi ba.

Dabara ɗaya na samu da ta rage mini yaudarar kore, kuma da na fahimce ta sai na yi dariya, don Malam ya daɗe da yi mana ita. Tun shekarun 1970 masana suka kawo shawarar a riƙa ɓata manhaja da gangan, a mai da alamar tarawa ta debewa, a mai da "ya fi" ya koma "bai kai ba", sannan a saki gwaje-gwajen. In sun yi kuka, suna da rai. In sun yi shiru an ɓata abu a gabansu, to gwajin banza ne komai korensa. Muna yara Malam yakan yi mana haka a darasin ƙabli da ba'adi. Sai ya ce, da murya kamar ta mai tabbatarwa, "Wanda ya manta sura bayan Fatiha, ba'adi zai yi ko?" Duk wanda ya ce na'am don ganin girman Malam, ranar zai sha faɗa, don ragi ne, ƙabli ake yi. Yana so ya san ko akwai mai saurare a cikinmu ko duk gyaɗa kai muke. Da na saki wannan dabara a kan gwaje-gwajena na dare ɗaya, aka yi ta ɓata lissafin kilo ta kowace fuska, ko ɗaya bai motsa ba.

Na goge su duka. Rahoton ya faɗo zuwa 58, na kai wa mai gida da bayanin abin da na yi. Bai ji daɗi ba, kuma yana da gaskiya. Amma ya cire dokar kashi 90, ya ce daga yanzu a taron safe jajayen layukan za a riƙa buɗewa, a faɗi dalilin da ya sa aka bar kowanne.

Saura haƙƙin mutane, wanda istigfari kaɗai ba ya ɗauke shi. Nan muka ci karo da wata matsalar: manhajar ba ta ajiye nauyin asali ba, gutsurarren kawai ta adana. A Tasha Allah ya taimake mu, magatakardan dattijo ne da bai yarda da waya ba, yana rubuta kowane awo a littafinsa da biro kafin ya shigar. Ni da kaina na taɓa yi masa dariya a kan haka. Daga littafinsa muka fitar da haƙƙin kowa har ɗigo. A sauran wuraren awon babu littafi. Na koma wurin Malam, ya tambaye ni mafi yawan abin da za a iya tauyewa a buhu guda. Na ce ba ya kai kilo ɗaya. Ya ce to a biya kilo ɗaya cikakke a kan kowane buhu, wanda ake bin sa bashi yana kokwanton adadi sai ya biya abin da zai fitar da shi daga shakka. Kamfani ya ɗauki kaso mafi yawa tunda riɗin yana rumbunsa, ragowar aka riƙa cira daga albashina.

An sami yawancin mutanen cikin wata biyu. Waɗanda suka rage baƙi ne da suka kawo kaya sau ɗaya suka tafi, wasunsu daga tsallaken iyaka ta Maigatari, ba su bar lambar waya ba. Sunaye goma sha ɗaya ne. Takardar tana aljihun gaban Kawu tare da kuɗinsu a ƙulle cikin leda, kuma duk ranar Alhamis da ita yake shiga kasuwar Maigatari.